Sojoji a Gaban Shugaban Jamus

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya, wata rana da la'asar, ina zaune a garejin da Baba yake aiki a Ras Al Khor, can ƙasar Larabawa. An kashe muryar talabijin ɗin bango. Sai ga sojoji a allon da hulunan ƙarfe, riƙe da sanduna masu ci da wuta, sun jeru gaban wani tsoho mai furfura. Abokin aikin Baba ya ce shugaban ƙasar Jamus ne.

Baba ya saki sifana. Yayana Iliya a can yake karatu.

"An yi juyin mulki," in ji Baba. A zamanin soja ya girma a Najeriya. Ya damƙe hannuna, warin baƙin mai ya cika mini hanci. Ya yi ta kiran Iliya a waya.

Da ƙyar Iliya ya ɗauka, da ya ji bayanin Baba sai ya fashe da dariya. "Baba, bankwana suke masa. Wa'adinsa ne ya ƙare."

"Su kuma sojojin fa?"

"Bariki za su koma."

"Duk da haka, kada ka fita yau," in ji Baba.

Har yanzu in na ji warin baƙin mai, sai gabana ya faɗi.