Hotunan Paris

Lubna ta zazzage hotunan a kan kafet tana dariya.

"Ya salam, Baba! Wa ya ɗauke ka? Duk ya ɓata su."

Dakta Mu'azzam bai ɗago daga kofin shayinsa ba. Kwanansa uku da dawowa Madina daga Paris, sai yau aka wanko fim ɗin.

"Turawa ne. Duk inda na tsaya sai in miƙa wa mai wucewa kamara."

"Mutum ɗaya?"

"Ina! Na gaban hasumiyar Eiffel wani tsoho ne. Na bakin kogi kuwa ɗan sanda."

Dariyar Lubna ta ɗauke. Ta jera masa hotunan.

A kusurwar kowanne, kan yatsa ya ɗan tare gilashin kamara. Yatsa guda ne, da jan lalle.

Shekara goma sha ɗaya yana yi wa matarsa Zinariya tsiya kan wannan kuskuren in tana ɗaukar hoto. Shekara goma sha ɗaya yana ce mata, "Baɗi, in sha Allahu, zan kai ki Paris."

Bara aka kai ta maƙabartar Baƙi'a.