Kabarin Hanatu

Sila ya iso bayan ɗakin sujada da dagi a kafaɗa, ya tarar an riga an haƙa kabarin.

Ya tsaya yana kallon ramin yadda yake kallon komai tun asuba, sa'ad da matarsa Hanatu ta cika bayan kwana huɗu tana zazzaɓi. Bai yi kuka ba. Ya rufe mata ido, ya kira tsohuwa Talatu ta yi mata wanka, ya kama jaki ya tafi Urafane ɗauko Irmiya mai bishara.

Gidajen Kirista huɗu ne a ƙauyen. Shekara ta uku ce da samun 'yancin kai, gyaɗa ta yi kyau, mazan duk sun bi kamiyo, babbar motar kaya, zuwa wurin awo a Tasawa. Ya aika musu saƙo ta bakin wani direba, ba tare da sa rai ba. A zafin nan gawa ba ta kwana, ƙasar wurin kuwa ta bushe ƙyam. Ya san in shi kaɗai zai haƙa bayan ya dawo, rana za ta faɗi bai gama ba.

Maƙwabta kuwa bai ko yi tunanin roƙonsu ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da mahaifinsa ya rasu, lokacin yana sabon tuba, yana ganin ya fi kowa gane Littafi. Yayansa Ƙadri, wanda yanzu shi ne limamin ƙauyen, ya zo har ƙofa kiransa jana'iza. Sila ya buɗe Littafin ya karanta masa inda aka ce a bar matattu su binne matattunsu.

"Mu ne matattun ke nan?" in ji Ƙadri.

Sila ya ce haka aka rubuta. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. Yau ma da ya wuce da jakinsa, Ƙadri na zaune a ƙofar masallaci, bai ɗaga kai ba. Da suka dawo shi da Irmiya ana sallar azahar, kabbarar ta fito da wata murya daban, ba ta Ƙadri ba, amma Sila ba ya cikin masu lura da murya a ranar.

Ramin ya haƙu tsaf. Ga karan dawa a gefe, wanda aka auna tsawon gawar da shi. Ga itatuwan rufi an sare an jera. Can gaba kaɗan akwai danshin ruwa a ƙasa, da wani ɗan wuri da aka share da hannu.

Sai dai kudu da arewa aka haƙa shi, da ƙaramin rami siriri a ciki, inda ake kwantar da mamaci a kan damansa ya fuskanci gabas. Kirista a nan kai yamma suke sawa, ƙafa gabas.

"Talle ne," in ji Sila. Talle bara ya tuba, kuma duk cikinsu ba mai ƙarfinsa. "Saƙona ya iske shi."

Irmiya ya leƙa ramin, yana dafe da ƙugunsa da jaki ya jijjiga. "In shi ne, zuciya ta tuba, hannu bai ji labari ba tukuna."

Sila ya sauke dagin. "Zan haƙa wani, Baba. Ba haka muke binnewa ba."

"A ina ka karanta?"

Sila ya kafa bakin dagin a ƙasa.

"Ni dai ban iske ba," in ji Irmiya. "Turawan mishan suka nuna muna, muka bi. Ran da aka busa ƙahon nan, ko a kife aka sa ka, ka ji shi." Ya zauna a kan tulin ƙasar. "Ka san wa ya binne Ibrahim? Ishaƙu da Isma'ila, su biyu, rami guda. Kowa da hanyarsa, amma uba guda ne. Na hwaɗa maka wanga zance shekara sha ɗaya da suka wuce. Aya guda ka riƙe, ka bar Littafi duka."

Maganar ta shiga kunnen Sila ta zauna, ba ta taɓa komai ba. Ya dubi rana, ta karkata. Ya dubi hannuwansa. Ya ce to, tunda hannun mai bi ne ya haƙa, a sa ta.

Suka ɗauko ta a tabarma, shi da Irmiya da mata uku. Ramin ya karɓe ta daidai, ba ragi ba ƙari. Irmiya ya yi addu'a, matan suka ja waƙa ɗaya a hankali. Sila ya jera itatuwan, ya tura ƙasa. Yana jiran wani abu ya motsa a ƙirjinsa, ba abin da ya motsa.

Suna daddale ƙasar suka ji kamiyo ta tsaya a bakin hanya. Talle ya diro da sauran mazan, rigunansu duk ƙurar buhuna.

"Ka yi haƙuri, Sila. Sai da la'asar saƙon ya iske mu."

Sila ya dubi tafin hannun Talle. Ya dubi karan dawan da ke yashe a gefe. Kowa ya san mai wankan gawa ce ke auna kara ta miƙa wa mai haƙa.

"Inna Talatu, wa kika ba karan?"

Tsohuwar ta gyara lulluɓinta, ba ta dube shi ba.

"Liman ne, yayanka Ƙadri, shi kaɗai tun hantsi. Ya ce in ka tambaya, in ce maka wani matacce ne ya haƙa."