Shagon da Ke Manne da Nasa

Ranar da aka sauke kujerun aski uku a ƙofar shagon da ke manne da nasa, mai aski ya kusa yanke wa wani malamin Turanci da yake yi wa aski kunne.

Kujeru ne masu juyawa, irin waɗanda ya daɗe yana nuna wa matarsa a waya yana haɗiyar yawu. Wato wani ɗan bana-bakwai ne zai zo ya kwashe masa mutane a layin da ya tsufa yana aski. Matsoracin ko fuskarsa bai nuna ba, sai dillali yake turowa, wani sakarai da ke ta auna bangon da ya raba shagunan biyu kamar zai ɗinka masa riga.

"Turawa na da kalmar abin da kake ƙullawa," in ji malamin, yana dafe da kunne. "Thwart. Ka gitta wa mutum har niyyarsa ta mutu. Ba a yi wa dutse, sai mai buri."

"Mu ƙafar ungulu muke cewa, malam. Kuma na fi su iyawa."

Ya iya ɗin kuwa. Ya raɗa wa mai ginin cewa sabon ɗan hayar matattarar mashaya zai buɗe. Ya tsorata mai gyaran wuta da cewa wayoyin shagon sun taɓa kashe mutum. Ya ja bencinsa ya tare ƙofar, har ruwan sama ya jiƙa kujerun a waje, fatarsu ta kumbura. Yana kallonsu ta madubi, daɗi kamar ya kashe shi.

A gida matarsa ta tambaye shi fentin da ya fi so, shuɗi ko fari. Ya ja tsaki, ya ce ta rabu da shi da shirme, yaƙi yake yi.

Mai ginin ya fasa, ya ba wa wani mai walda shagon. Mai aski ya koma gida yana hura hanci.

"Na kori ɗan iskan," ya ce, tun bai cire takalmi ba.

Matar ta daɗe tana kallonsa yadda ake kallon miyar da ta lalace.

"Sannu da ƙoƙari, maigida. Kujerun naka ne. Babban ɗanka ne ya kama shagon a ɓoye, zai sa a fasa bangon a haɗa maka su biyun."