Kujerar da Aka Ware wa Baba

Mai hayar motoci na uku ke nan da ya yi wa Yaya Babba dariya a ranar. Ta faɗa masa abin da ke hannunta, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce da wannan kuɗin sai dai ya ba ta tayoyin ta gungura. Ta koma shagon maganin da take aiki tana huci, saura kaɗan ta miƙa wa mai tari maganin tsutsar ciki.

Abin da take nema bai taka kara ya karya ba. Ƙarshen wata Baba zai cika shekara saba'in. Duk ƙuruciyarsa a bas ya ƙarar da ita, yana wuce wani babban tafki da fasinja, bai taɓa tsayawa ya tsoma ƙafa a ruwan ba. Da idonsa ya fara hazo 'ya'yan suka taru suka hana shi tuƙi, ita ce ma ta zare makullin daga hannunsa. Abin bai daina cin ta ba. Shi ya sa ta rantse a gaban kowa sai ta kai shi tafkin nan da iyalinsa kaf, ya harɗe a kujerar baya, shi ma a tuƙa shi ko sau ɗaya.

Da aka zo karo-karo sai kowa ya kama gabansa. Ƙanenta, wanda suke kira Injiniya don yana gyaran waya, ya ce shi ya ɗauki nauyin addu'a. Auta kuwa ta yi ta turo hotunan otal masu wurin ninƙaya, ana ambaton kuɗi sai cajinta ya ƙare. Jikoki ne kawai suka shirya, tun yanzu sun fara rigimar wanda zai zauna kusa da taga.

Wanda ya fi ƙona mata rai shi ne mai bikin. Ta zauna ta zayyane masa wulaƙancin da ta sha, ya saurara yana sosa gemu.

"Wanne ne ya yi miki dariyar, Uwata?" Haka yake kiran ta tun tana goye.

Ta faɗa masa. Ya ce Allah ya kawo sauƙi, ya juya ya ci gaba da jin rediyonsa. Sai kuma ta ji wai ya sa Auta ta raka shi asibiti an cire masa yanar ido, har da sabon tabarau, a watan da ita take matse bakin aljihu saboda shi. Mama ta ƙara da nata ƙorafin: yanzu da sassafe yake ficewa sai yamma, ga ci kamar saurayi, ga ƙarar da sabulu. Yaya ta ce ai ta sani, hira ce ta daɗe da tsofaffin abokai a tasha.

Ana cikin haka mai hayar nan da ya yi mata dariya ya kira ta da kansa. Wai akwai wata bas a bayan garejinsa, da direbanta, mai kawai za su zuba. Ta tambayi dalilin wannan araha, ya ce ita dai ta shirya kayanta.

Ba ta yarda ba, sai da ta je ta gani. Ta tarar da tsohuwar mota an ɗage ta a kan itace, fentin ya koɗe, kujerun na waje suna shan rana. Ƙafafun wani makanike ne kawai suka leƙo daga ƙarƙashi, cikin wando mai maiƙo da manyan takalman roba.

"Malam, wannan akwalar za ta kai mutum ko bakin titi kuwa?"

Ƙafafun ba su tanka ba, sai ƙarar sifana.

"To ka ji da kyau. Ka ɗaure kujerar baya tamau. Mahaifina ne zai zauna a kai, tsoho ne, ƙashinsa ba ya son jijjiga."

Aka ƙwanƙwasa ƙarfe sau biyu daga ƙasa. Ta ɗauka amsar ke nan, ta yi tsaki ta tafi. Ba ta da wani zaɓi.

Ranar tafiya tsakar gidan ta cika da jakunkuna, kulolin abinci da yara masu kuka. Injiniya ya zo da sabuwar riga, Auta da tabarau na rana. Mota ba ta iso ba. Mai haya ba ya ɗaga waya. Da Yaya ta leƙa ɗakin Baba don ta ba shi haƙuri, sai ta iske gado a gyare, ba kowa.

"Ya fita tun ɗazu," in ji Mama, tana ɗaure ɗankwali hankali kwance.

A nan Yaya ta kai maƙura. Ta zauna a kan wata jaka hawaye na zuba, ta ce ita ta gaji, ta sha dariyar mutane, ta roƙi wanda bai kai ta roƙa ba, duk don mutumin da ko ranar ba zai iya zama a gida ba.

Sai aka danna hon a ƙofar gida, gajere biyu, dogo ɗaya. Rabon da ta ji irinsa tun suna yara, lokacin da sukan watsar da wasa su ruga waje. Ta miƙe ba ta san ta miƙe ba.

Bas ɗin na tsaye tana sheƙi, injin na aiki lafiya lau. Direban ya leƙo ta taga, sabon tabarau a hancinsa, baƙin mai maƙale a faratansa.

"Hau mu tafi, Uwata," in ji Baba. "Na ɗaure kujerar bayan tamau yadda kika ce, ke za ki zauna a kai."