Faɗin Lungun Ja'afaru

Kwalekwalen ya ƙi fita daga lungun.

Shekara huɗu Ja'afaru yana fama da shi a tsakar gidansa a unguwar Nakkasa ta Makka, tun ranar da ya kwaso shi daga Jidda, jikinsa na robar faiba, injin cikinsa a mace. Ya cire injin, ya toshe ramin baya da katako da danƙo, ya rataya ƙaramin inji ta waje. Takardun fita ba shi da su. Teku ce kaɗai hanyarsa zuwa Sudan, daga can sai Sakkwato.

Yanzu ƙarti takwas sun juya shi ta kowace fuska, ya cije tsakanin bango biyu. Da taki ɗaya kacal ya fi lungun faɗi.

Ja'afaru ya tsura wa bangayen ido. Da hannunsa ya gina su bayan ya shigo da kwalekwalen, ɗakunan baƙin alhazai ne da matarsa Saudatu ta yi ta roƙonsa ya taimaka musu.

"Da na sani da na auna," ya ce.

"Ni na auna, Malam," in ji Saudatu daga bakin ƙofa. "Da mayafina, ranar da ka kawo shi. 'Ya'yana uku suna kwance a maƙabartar Makka. Wa zan bar wa su?"