Ƙwaryar da Ta Gada

Tunda ka ce ka duba ko'ina ba ka ga inda ɓarnar take shigowa ba, zauna in ba ka misali.

An yi wata mai sayar da nono a wata ruga da ke bakin fadama, mace mai tsabta har ana tsokanarta, wai ko ƙuda sai ya yi alwala kafin ya sauka a faifanta. Shanunta uku ne kacal, amma duk kasuwar ƙauyen an san kindirmonta, kuma sunan nan shi ke ciyar da ita. Tana da wata babbar ƙwarya da ta gada wurin mahaifiyarta, ta yi jawur don tsufa, da zanen tsuntsaye a gefe, ga wata tsaga daga baki zuwa gindi wadda gyartai ya ɗinke tun tana yarinya. A ciki take kwantar da madara. Da hantsi in ta ɗaga faifai ta ga nono ya kwanta fari sol, sai ta lula cikin tunani. Takan ga mahaifiyar tata zaune a gindin tsamiya tana burka nono, awarwaro na kaɗawa a hannunta, shanu na dawowa cikin jan hasken yamma, hayaƙi na bin ƙasa a hankali, har ta ji kamar ana kiranta da sunan ƙuruciya. Sai maraƙi ya yi kuka sannan take dawowa. Tana son ƙwaryar nan ƙwarai, ba ta wanke ta sai da tafin hannu, ba ta kai soso kan ɗinkin don kada zaren ya tsinke.

Wata damina masu shan nononta suka fara ciwon ciki. Wani manomi ya dama fura da shi, ya wuni yana sintiri bayan gari. Wata mai jego ta kwanta da amai da gudawa har aka kai ta asibiti, ruwan nononta ya ɗauke. Ba wanda ya yi mata rashin kunya, sai dai a gaishe ta a wuce gaba a saya wurin wata, kuma wannan ya fi zagi yi mata ciwo. Ta canza rijiya. Ta sayi sabon ludayi da sabon faifai. Ta koma wanke hantsar saniya kafin tatsa, ta shiga tafasa madara, ta ce ko baki ne ta nemo turare. Amma duk abin da ta gyara, a ƙarshe cikin ƙwaryar nan take juyewa. Malamin dabbobi ya zo ya duba shanun ya ce lafiyarsu lau, ya nemi ganin kayan da take zuba madara. Ta fito masa da bokiti da ƙananan ƙore. Babbar ƙwaryar kuwa ko a ranta ba ta kawo ba, don wa ke tuhumar uwarsa? Da abin ya ishe ta sai ta ɗora laifin a kan farar saniyarta, wadda ta fi sauran madara, don kawai ta ji ta yi tari sau biyu. Ta sa aka ja ta kasuwa, saniyar na tafiya tana waiwaye, ita kuma tana share hawaye da bakin zane. Ciwon bai tsaya ba.

Ana nan ɗinkin ya fara yoyo, ta tare wani gyartai da ya biyo ta rugar ta ce ya ƙara masa zare. Da ya warware tsohon zaren sai ya kau da fuska. Tsagar cike take da baƙar dauɗa mai yauƙi, nonon shekara da shekaru ya ruɓe inda hannu ba ya kaiwa. Ya miƙo mata, ya ce, "Inna, wannan ta wuce ɗinki. Ko ruwa kada ki ƙara ba ɗan mutum a cikinta." Ta zauna da ita a cinya tana kallon tsuntsayen, tana jiran tsamiya da awarwaro su bayyana kamar kullum, ba abin da ya taso sai wari. Ta rataye ta a ɗaka ta sayi kwanon silba, ciwo ya tsaya cak. Sai dai saniya ta riga ta tafi, kasuwa ba ta dawo mata ba sai bayan damina biyu, mai jegon kuwa har yau in ta hango ta sai ta sake hanya.

To kai ma koma ka duba abin nan da ba ka so a taɓa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, so hana ganin laifi.