Wainar da Babu Ƙullu

Ana tsakiyar wasa ta hango mahaifiyarta a sahun gaba, hannu harɗe a ƙirji. Shekara uku ke nan tana yawo gari-gari tare da 'yan rawa, kuma tun ranar da ta tafi tsohuwar ta daina yi mata magana. Yau motarsu ta tsaya a ƙauyensu, suka kafa dandamali a gaban coci.

Wasan nasu babu baki, jiki ne ke magana. 'Yar ta durƙusa tana kwaikwayon mata masu faɗaɗa wainar masara a tafin hannu, babu ƙullu, babu wuta.

Sai tsohuwa ta miƙe. Masu kiɗan marimba suka tsaya cak.

"Ke 'yar nan! Wannan waina taki mai kauri ai sai jifan kare. Wa ya koya miki?"

"Ke ce, Mama."

"Sharri kike min. Matsa."

Tsohuwa ta hau dandamalin, ta durƙusa kusa da ita. Ta gutsuri ƙullu daga iska, ta faɗaɗa shi, ta juya a kaskon da babu shi. Sannan ta hura, ta miƙa mata.

"Ungo, ci da zafinta. Duk kin rame."